SUNAN MANOMI A LITTAFIN BASHI

Jawabin da malamin gona ya yi wa manoman auduga na yankin Garwa kafin rubuta bukatun damina

  Ina roƙon ku gafarce ni, gama da yawa cikinku sun riƙe fartanya tun ba a haife ni ba, ba kuwa na tsaya nan don in koya wa kowa noma ba ne. Abin da ya kawo ni littafi ne. Shi ne wannan da ku ke gani a hannuna kowace shekara, wanda waɗansunku su kan harare shi kamar takardar sammaci. Kwana kaɗan ya rage a fara rubuta bukatun bana, watau kowa ya faɗi yawan gonar da zai shuka auduga da yawan buhunan da ya ke so, saboda haka na ga ya kamata mu yi magana a kansa tun alƙalami bai hau takarda ba.

Ku duba wani abu da mun saba da shi har mun daina ganin mamakinsa. Mutum ya zo mangaza cikin watan Mayu, ba ko dala a aljihunsa, a ɗora masa angurya da takin zamani da maganin ciyawa da maganin ƙwari, ya tafi gida. Ba wanda ya ce ya kawo takardar gida, ba wanda ya ɗaure masa sa a turke, ba wanda ya karɓi gonarsa jingina. Sai bayan wata bakwai ko takwas, ran da aka yi awo aka zo biya, sa'an nan a cire. To, me ya ajiye a madadin waɗannan kaya? Sunansa ne ya ajiye, da sunan maƙwabtansa da su ka tsaya masa. Wanda ya taɓa shiga banki a Garwa neman rancen jaka hamsin ya san tambayoyin da a kan yi wa mutum a can kafin a ce masa ya komo gobe.

Wannan hanya ba jiya aka fara ta ba. Kamfanin Faransa da a ke kira CFDT shi ya kawo noman auduga na sayarwa ƙasar nan a farkon shekarun 1950, ya yi zango a Kaele. A 1974 aka kafa Sodecoton, babban ofishinsa a nan Garwa, ya gaji aikin. A 1992 gwamnati ta yi dokar ƙungiyoyi, wadda ta haifi Jik ɗin da mu ke ciki yanzu. Manoman auduga su ka kafa babbar ƙungiyarsu ta OPCC a shekara ta 2000, ta zama CNPC a 2010. Dattawa sun ga duk waɗannan canje-canje da idonsu, sun kuma san abu guda bai canza ba: a ba ka da damina, a cire da kaka.

Kada kuma wani ya zaci takin nan daga rumbun wani attajiri ya ke fitowa. Daga ƙasashen waje a ke sayo shi, ya sauka Duwala, ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mangazarmu, kuma tun kafin ruwan farko ya sauka an riga an ɗauki nauyin kuɗinsa. Kamfani kansa ya kan ci bashi wurin bankuna, har da reshen ciniki na Bankin Musulunci da ke Jidda, domin a sayi kayan noma a kuma biya ku kuɗin auduga. Watau bashi hanji ne, yana cikin kowa. Su ma can a kan duba littafinsu kafin a ƙara musu, littafinsu kuwa ba kome ba ne sai jimlar irin wannan nawa na ƙauyuka masu yawa.

An gaya mini a Amurka yawancin masu hulɗa da banki su na da lamba, daga 300 zuwa 850, tun 1989 su ke aiki da irinta. In mutum ya biya a kan lokaci ta hau, in ya yi jinkiri ta sauka, mai ba da rance kuwa ita ya ke fara dubawa kafin ya dubi fuskar mutum. Mu ba mu da lamba, amma muna da abin da ya ke aikinta. An rubuta shi wuri biyu: ɗaya cikin littafin Jik, ɗaya cikin zukatan mutanen da su ka shiga da'irar lamuni tare da kai, wadda mu ke ce wa sarkal. Na littafi ya fi sauƙin gyara.

Abin da a ke dubawa

Sa'ad da aka zauna tace sunaye, abu uku su ne a gaba. Na fari, ka biya bashin bara duka ko da saura? Na biyu, kilo nawa ka kawo bisa ga faɗin gonar da aka rubuta maka? Na uku, audugarka duka ta hau sikelin Jik da sunanka, ko wata ta bi dare? Ba a tambayar ko kai ɗan wane ne. Na ga mai rawani da aka rage wa buhu, na ga kuma yaro mai keke ɗaya da aka ƙara masa, duk a zama guda.

Bari in ba ku labarin kuskuren da na yi da hannuna, don ku san ba daga takarda na ke karanto muku ba.

Shekarata ta fari a wannan aiki, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, wani magidanci ya ce in rubuta masa kwata takwas, watau hekta biyu. Kun san kwata, wadda a ke ce wa kar, mita 50 ce tsawo, mita 50 faɗi. Mutumin nan sa'an mahaifina ne, a gidansa na ke shan fura, in na yi dare a zaurensa na ke kwana. Doka ta ce in ɗauki igiya in je in auna. Na ji kunya. Na ce a raina, yaya zan bi dattijo da igiya kamar ban yarda da maganarsa ba? Na rubuta takwas ina zaune a kan tabarmarsa.

Aka ba shi kayan kwata takwas. Ashe biyar ya shuka. Takin ukun nan, rabi ya tafi kasuwa saboda bikin 'yarsa ya matso, rabi ya shiga gonar masara. Biyar ɗin da ya shuka ma hannu bai ishe su ba, gama 'ya'yansa biyu sun tafi birni aikin babur, ciyawa ta riga shi. Na lura da haka tun cikin watan Yuli, na yi shiru, ina cewa watakila Allah ya gyara.

Ran biya aka buga lissafi, audugarsa duka ba ta kai bashinsa ba. Su bakwai ne a da'irarsu. Aka raba gibin a kan sauran shidan, kamar yadda su ka sa hannu tun farko. Cikinsu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kwata ɗaya tak ta noma, ita da jikanta, gonarta kuwa ta fi ta kowa tsabta a wannan shekara. Ta riga ta yi ciniki da mai kwano za ta rufe ɗakinta. Da aka miƙa mata abin da ya saura, ta ƙirga, ta sāke ƙirgawa, ta dube ni ta ce, "Malam, ni me na ci?" Ban sami abin da zan ce mata ba. Daminar da ta biyo baya ɗakin nan da ciyawa ya sha ta.

Shi kuwa dattijon, da shekara ta kewayo ba da'irar da ta karɓe shi. Ba kamfani ne ya kore shi ba, ba ni ba ne, mutanen da ya ke salla sahu ɗaya da su ne su ka ce a'a. Shekara biyu bai ga buhu ba. Da na auna masa biyar tun farko, da ya yi fushi da ni kwana uku, ya biya bashinsa, tsohuwa ta rufe ɗakinta. Don haka bana duk wanda ya gan ni da igiya a gonarsa, ko da limami ne, ya yi haƙuri.

Ɗauki abin da hannunka zai iya

Mu yi lissafi tare. Ba farashin bana na ke faɗa ba, wannan za a sanar da ku a takarda. Misali ne kurum. A ce kayan kwata ɗaya, da taki da magani duka, kuɗinsu ya yi daidai da kuɗin auduga kilo 150. Mutum biyu su ka ɗauka. Na fari ya rubuta kwata biyu, ya kula da su, kowace ta ba shi kilo 350. Ya sami 700, aka cire 300, ya tafi gida da kuɗin kilo 400. Na biyu ya ce shi ba ƙaramin manomi ba ne, ya rubuta kwata shida, ga shi shi kaɗai ne da matarsa, ba shanun huɗa. Kowace kwata ta ba shi kilo 180. Ya sami 1,080, tulinsa ya fi na kowa tsawo a kasuwa, yara su na ta kallo. Aka cire 900. Ya tafi da kuɗin kilo 180, bai kai rabin na mai kwata biyu ba, ga wahala ninki uku. In kuwa ruwa ya ɗauke mako biyu a wannan shekara, kowace kwata ta sauko 140, to ya shiga aljihun maƙwabtansa ke nan.

Bashin kwata ba ya raguwa don gonar ba ta yi kyau ba. Buhu buhu ne. Saboda haka kafin ka faɗi lamba, ƙirga hannuwan da za su yi noman fari cikin mako guda, ba waɗanda ka ke fata za su komo daga birni ba. Ƙirga masu ɗiba kuma, gama lokacin ɗibar auduga ya kan haɗu da girbin dawa da gyaɗa. Wanda ya biya ƙaramin bashi shekara uku a jere, in ya nemi ƙari a ta huɗu ba mai yi masa gardama. Ni kaina zan tsaya masa.

Aikin gona kuwa kun san shi, sai dai in tuna muku inda bashi ya kan karye. Shukar da ta wuce ƙarshen Yuni a wannan yanki da wuya ta cika alkawari. Takin da aka zuba cikin ciyawa, ciyawa aka ciyar. Taki a sa shi da wuri bayan an rage tsiro, a rufe shi da ƙasa, farin taki kuma ya biyo wajen kwana 40 lokacin huɗa. Feshi a fara shi wajen kwana 45 bayan tsirowa, a maimaita kowane mako biyu. Mutum ya kan tsallake feshi ɗaya ya ce ai ganye shar ya ke, alhali tsutsa tana cikin ƙwallo inda ido ba ya kaiwa. Kwalbar da ka ɓoye don ka fesa wa wake, an riga an rubuta ta a sunanka, za ka biya ta da audugar da ba ka samu ba.

Zancen masara

A nan ina so in yi gaskiya da ku. Na san abin da ya ke sa mutum ya kwashi takin auduga ya kai gonar masara. Auduga ba a tuƙa ta. Mai iyali goma in ya dubi rumbu cikin watan Yuli, ba littafina ya ke tunawa ba. Ban ce wannan wauta ce ba. Abin da na ce shi ne a yi shi da rana. Akwai hanyar neman kayan noman abinci ta hannun Jik, da sharuɗɗanta, waɗanda za a karanta muku. Wanda sunansa ya ke da kyau a auduga shi ya ke fara samu. In kana bukatar buhu biyu na masara, ka ce buhu biyu na masara, a rubuta, da'irarka ta sani. Amma ka raba buhun auduga gida biyu a ɓoye, ka ƙare da gonaki biyu masu yunwa, sa'an nan littafi ya nuna kai mai kilo kaɗan ne, wannan hasara biyu ce.

Sayad da taki a kasuwa kuwa ba ni da uzurin da zan ba shi. Mai saye ya san kana cikin matsi, ba zai ba ka kuɗinsa cikakke ba, kai kuwa cikakke za a cire maka. Ban taɓa ganin rance mai tsada kamar wannan ba, har na masu ba da jaka da damina su karɓi buhu da kaka. In larura ta kama ka, ciwo ko rasuwa, gara ka sayad da akuya a kasuwar Fitowa ran Lahadi. Akuya in ta tafi ta tafi ita kaɗai.

Audugar da ta bi dare

Manya sun tuna da kakar 2010 zuwa 2011. Farashin auduga ya hau a duniya irin hawan da ba a taɓa gani ba, har cikin watan Maris na 2011 ya wuce dalar Amurka 2 a kan laba ɗaya. Masu saye su ka ƙetaro daga Nijeriya da kuɗi a hannu, su na ba da abin da ya fi namu. Auduga mai yawa ta ƙetare iyaka a kan babura da motoci. Ba zan ce waɗanda su ka sayar ba su ga kuɗi ba, sun gani. Amma masu sayen nan ba su ba kowa angurya ba, ba su ba kowa taki ba, kuma da farashi ya faɗo cikin shekarar nan ba wanda ya sāke jin ƙarar baburansu. Bashi ya zauna a ƙauye. Akwai ƙungiyoyin da aka tsai da musu kaya, mai laifi da marar laifi duka, waɗansu kuwa sun daɗe kafin su miƙe. Irin wannan shekara za ta sāke zuwa wata rana, shi ya sa na ke tuna muku tun ba ta zo ba.

Akwai wata dabara kuma wadda ta fi wannan yawa a wurinmu, ba ta bukatar ƙetare iyaka. Mutum ya ga bashinsa ya yi nauyi, sai ya ɗauki tamfol biyu ko uku ya ba ƙanensa ko surukinsa da ke wata da'ira, a auna da sunan wancan, su raba a gida. A ganinsa ya tsere wa yanka. To, ku ji abin da littafi ya ke gani. Ya ga kai ka rubuta kwata huɗu ka kawo na biyu, watau kai rago ne ko maƙaryaci. Ya ga ƙanenka ya rubuta kwata ɗaya ya kawo abin da kwata ɗaya ba ta taɓa bayarwa ba tun da aka fara auduga a Binuwai. Ni da na zaga gonakin nan duk damina na san abin da ke tsaye a kowace. Maƙwabcinka da ya ke wucewa ta kan iyakarka safe da yamma ya fi ni sani. Ka gina wa wani suna da guminka, ka rushe naka, ka kuma sa mutum shida sun biya abin da ka ci. Ranar da ƙanen nan naka zai ce ai audugarsa ce, ba ka da shaida ko ɗaya.

Haka nan jiƙa auduga da ruwa, ko zuba yashi da tsakuwa a tsakiyar tamfol. In an gane a nan, kunya ce a gaban jama'a. In ba a gane ba sai a injin gurza na Garwa ko na Ngong, motar duka a ke saukar wa daraja, sunan Jik ɗinmu ne kuwa a jikin takardar motar. A ware fara tas daban, mai datti daban, tun daga gona.

Zaɓen abokan lamuni

Kada ka shiga da'ira don kunya, kada kuma ka karɓi wani don kunya. Kun ji abin da kunya ta jawo mini. Ka zaɓi waɗanda ka ke ganin gonarsu da idonka, waɗanda kuma nauyinsu ya yi kusa da naka. Mai kwata ɗaya in ya haɗu da mai kwata ashirin, ranar da babban ya faɗi ƙaramin ba zai ga ko dala ba, ranar da ƙaramin ya faɗi kuwa babban ba zai ko ji ba. 'Yan'uwa su na iya haɗuwa, amma a lura, gidan da gonakinsa duka su ke fadama ɗaya, ruwa ɗaya ne zai ci su.

In kun haɗu, kada ku jira ran biya kafin ku san halin juna. Shugaban da'ira ya zaga da mutanensa bayan shuka, ya zaga lokacin taki, ya zaga lokacin feshi. In an ga ciyawa ta fi ƙarfin wani, a yi masa gayya rana ɗaya. Wunin nan guda ya fi muku araha bisa ga abin da za a cire muku a watan Fabrairu. Ba shisshigi ba ne ka tambayi abokin lamuninka ina buhunsa, gama da kuɗinka aka ɗauko shi.

Takarda

Duk abin da ka ɗauka a mangaza, kada ka dangwala hannu sai an karanta maka: buhu nawa, kwalba nawa, ran nawa ga wata. In ba ka karatu, zo da ɗanka ɗan makaranta, ko ka rubuta naka da ajami a gefe, ba mai hana ka. Takardar awo kuma ka adana ta cikin leda, a akwati, ba a aljihun rigar da za a wanke ba. Mu masu rubutu mutane ne, mu kan yi kuskure. Na taɓa sa wa mutum kwalba uku na wani mai suna irin nasa, takardarsa ce ta fisshe shi, ta fisshe ni. Malamai sun gaya mana ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

Kuma takardun nan su na da amfani a waje. Manomin da ya je gidan ba da ƙananan rance a Garwa ko Gidar neman kuɗin shanun huɗa ko amalanke, da takardun awo na shekara huɗu a hannunsa, ba a karɓarsa kamar wanda ya zo da baki kurum.

Wanda masifa ta sama

Ba kowane mai gibi ne macuci ba. Mun ga 2012, sa'ad da Binuwai ya cika ya malale, aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, gonaki su ka kwana cikin ruwa. Akwai ƙanƙara, akwai shanun da su kan shiga da dare, akwai ciwon da ya kan kwantad da mai gida wata guda cikin tsakiyar aiki. Abin da ya raba mai masifa da macuci a idon jama'a shi ne lokacin da ya yi magana. In abu ya same ka, ka gaya wa shugaban da'ira ka gaya mini cikin makon nan, mu zo mu gani, a rubuta, tun shaida tana ƙasa. Ban yi muku alkawarin za a yafe ba, wannan ba a hannuna ya ke ba. Amma mutanen da su ka ga ruwa a gonarka da idonsu cikin Agusta su kan ɗauki nauyinka ba tare da ƙiyayya ba, su kuma karɓe ka baɗi. Wanda ya yi shiru har ran biya sa'an nan ya fara labarin shanu, ko gaskiya ya faɗa ba mai yarda.

Wanda sunansa ya riga ya ɓaci

Na san akwai irinsu a zaune nan, ba zan dubi wajensu ba. Ƙofa ba ta kulle ba. Fara da mutanen da su ka biya dominka, tun kafin ka zo wurina. Ka je gidan kowane, ka tambaye shi nawa aka cire masa, ka fara mayarwa ko da kaɗan kaɗan ne, ko da kwanon masara ne, a gaban shaida. In akwai saura a littafin Jik, ka biya, ka karɓi rasit. Sa'an nan ka nemi kwata ɗaya, kada ka nemi abin da ka saba. In kana da hali ka sayi wani abu da kuɗi hannu don bashin ya yi sauƙi, ka yi. Ka shuka da wuri a inda kowa zai gani, ka kawo duka kan sikeli. Dattijon nan da na ba ku labarinsa haka ya yi a ƙarshe. Ya sayad da bijimi a Adumri, ya bi gida shida, ya fara da gidan tsohuwar. A shekara ta uku wata da'ira ta karɓe shi da kwata biyu.

Samari da mata kuma, ku da ku ke noma a ƙarƙashin sunan mai gida, ku sani littafi bai san ku ba. Kome kyan gonarka, in da sunan babanka aka auna, shi aka sani. Wanda ya kai ya riƙe tasa, ya nemi yardar mai gida, a rubuta masa kwata ɗaya da sunansa da katinsa. Iyaye, ku bar su. Ran da yaron nan zai fita ya kafa gidansa, gara ya fita da shekara uku a littafi.

Abu na ƙarshe, ranar biya. Na sani kuɗi ya kan yi jinkiri wata shekara, wannan jiran kuwa shi ya ke tura mutane wurin masu ba da rance da riba. Maganinsa yana cikin kuɗin bara. In an biya ku, kafin a shiga kasuwa a cire na hatsin da zai kai gida watan Agusta, a saya tun yana araha, a cire na adashi ko a sayi tunkiya. Mai hatsi a rumbu cikin Agusta ba ya kallon buhun taki da wani ido.

Ran Laraba da hantsi za mu fara rubutu a gindin bishiyar mangaza. Kowace da'ira ta zo gaba ɗaya da shugabanta, kowa da katinsa da takardun awonsa na bara. Wanda ya ke da ƙorafi a kan lissafin bara ya zo ran Talata, mu buɗe littafi tare da magatakardan Jik, kada a bari sai jama'a sun taru. Awon gonaki kuma zan fara shi ran Asabar daga gonakin gabas, wanda na zo gonarsa ya kasance yana wurin ya riƙe mini bakin igiya.